Ranar da Yaƙi Ya Ƙi Faɗuwa

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da na tsaya da mikoro, abin ƙara murya, a hannu, babban baƙo daga Damagaram yana zaune a gabana, kasuwa guda tana tsalle tana ihu, “Yaƙi! Yaƙi! Allah ya ja kwanan Yaƙi!” Ni kuwa an ɗauke ni aiki ne takanas don in sa mutane su tsane shi. Tunda ku sababbin shiga kun dame ni da tambaya, kuma Mamman shofer ya riga ya cika muku kunne da nasa labarin, ku gyara zama ku ji yadda aka yi daga bakin wanda zufa ta wanke.

A lokacin ina animatar, wato mai faɗakarwa, a buro, wato ofishin ƙungiyarmu na Magariya. Sama da ni akwai Madam Rabi, shugabar buro, sama da ita kuma akwai manya a Damagaram. Porje, wato aikin da aka ba mu, shi ne mu zagaya kasuwannin Magariya da Dungas mu nuna wa jama'a abin da yaƙi ke ci daga aljihun talaka, ko da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Mu nan Allah ya rufa mana asiri, ba a harbi a garuruwanmu. Amma tattasai da bandar kifi da ke zuwa daga gabas sun yi tsada, fatake sun koma bin hanyar zagaye, ɗan da ya tafi cin rani ya dawo hannu rabbana, 'yan'uwan da aka koro sun sauka a gidajen mutane, tukunya tana nan yadda take baki ya ƙaru. Wannan ake so kowa ya gane, don kada saurayi ya ji zaƙin bakin masu jan mutane daji, kada kuma rigimar gona da burtali ta girma ta fi ƙarfin mai gari.

Yadda ake aikin kuwa kun san shi. A nemi izinin hukuma, a kai wa mai gari goro, a kafa bash, wato rumfar tamfol, a jera kujeru, in tsaya ina buɗe manyan hotuna ina bayani. Gaskiya ɗaya ce, babu mai saurare. Tsofaffi su zo don inuwa su yi gyangyaɗinsu, samari su leƙo su ga ba a raba komai su ƙara gaba. Na faɗi “zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki” har karin maganar ta suɗe a bakina. Wata rana a Kwaya na ɗaga hoton kasuwar da ta ƙone, wani dattijo ya ɗaga hannu. Raina ya yi fari, na ce yau dai an samu mai tambaya. Sai ya ce in na gama da takardar yana so, tagar ɗakinsa ce ke shigo da iska.

Ana cikin haka Damagaram ta aiko cewa za a turo Mushe Laminu (Mushe shi ne Malam a bakinmu na 'yan boko), mai duba ayyuka, ya ga fita ɗaya da idonsa. Abin da ya rubuta a rapor, wato rahotonsa, shi zai sa a sabunta mana kontara, yarjejeniyar aiki, ko a rufe porjen. Madam ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa.

Ta ce, “Mushe Isufu, ni in an rufe, Damagaram za a mayar da ni, kujera tana jira na. Kai fa?”

Na ce, “Ni sai gona, Madam.”

“Kana da gonar?”

“Ba ni da ita.”

“To ka nemo dabara. In ya zo ya tarar da tsofaffin nan suna minshari, ni da kaina zan raka ka tasha.”

Ga matata da tsohon ciki, ga gidan haya. Na kwana biyu ina neman dabara. Ina zaune wajen mai shayi na ji samari suna gardama kan wata kokowa da aka yi a ƙauye, har wani ya zubar da shayinsa bai sani ba. Nan take abin ya faɗo mini. A ƙasar nan me ke tara mutane bayan kaka in ba kokowa ba? Wanda ba zai taso don wa'azina ba, zai bar rumfarsa a buɗe don ya ga an kai ƙato ƙasa.

Na tsara abin kamar haka. Za a yi kokowa tsakanin Yaƙi da Zaman Lafiya. A gefen fili za mu haɗa gidan talaka da kayansa: damman gero, buhun wake, akuya, keken ɗinki, moton kabu-kabu, kwanukan jere. Muddin Yaƙi yana tsaye, 'yan dako za su riƙa ɗauke kayan ɗaya bayan ɗaya, ni ina bayani da mikoro. Kafin a taɓa manyan kaya, Zaman Lafiya zai ɗaga Yaƙi ya maka shi da ƙasa, a yi tafi, a watse. Duka-duka bai fi tsawon shan shayi ba.

Madam ta saurara, ta ce, “Dabara ta yi. Amma wane ɗan kokowa ne zai yarda a kayar da shi gaban mutane?”

Na ce ta bar mini wannan.

Muka zaɓi wani gari mai kasuwa a kan hanyar Dungas. Ba zan kama sunansa ba, don har yau in na bi ta can ana nuna ni da leɓe. A garin akwai wani ƙato, Habu, ana ce masa Gungume, wanda bayansa bai taɓa sanin ƙasar filin garinsu ba. Na same shi yana sussukar gero, na kai gaisuwa, na ajiye goro, na yi bayani. Mutum ne mai sauƙin kai yadda ba ku zato. Ya ce, “Ai wasa ne, Mushe, kowa ya san wasa ne. Zan faɗi. Sharaɗina ɗaya, kada ku gayyato makaɗina.” Na ce wannan mai sauƙi ne, dama ba mu da kuɗin makaɗi.

Saura Zaman Lafiya. Duk ɗan kokowar da na tuntuɓa sai ya ce ko da wasa ba ya kama ƙugun Gungume. Sai ga Mamman shofer, wanda kullum a mota yake ba mu labarin yadda ya zubar da maza a ƙuruciyarsa. Ya bugi ƙirji ya ce shi zai yi. Da na kai shi ya ga Habu ido da ido, sai na ga yana haɗiyar yawu. Ya ja ni gefe ya ce shi mai iyali ne, ba ya shiga fili sai Habu ya rantse. Habu ya yi dariya, ya ɗaga yatsa sama gaban shaidu ya ce, “Wallahi tallahi ba zan kai shi ƙasa ba.” Ku riƙe wannan rantsuwa da kyau, don ita ce ta kusa kashe mu duka.

Kayan gidan talaka kuwa aro muka yi a garin, don babu kuɗin saye. Na bi gida-gida ina lallashi, ina cewa dami da buhu kaɗai za a motsa, sauran ado ne. Na ƙarshe da na aro shi ne kaskon Inna Baraka. Wata tsohuwa ce da ta zo daga gabas shekarun baya da jikokinta, ba ta zancen abin da ya koro ta, tana soya ƙosai a bakin filin, kowa a garin Inna yake ce mata. Ta ce sai ta gama suyar safe. Da ta miƙo mini shi ta ce, “Ɗan nan, shi ne gonata, shi ne rumbuna.” Na ce babu mai taɓa shi, can ƙarshen kaya zan ajiye.

Sai 'yan dako. Na sami shugabansu, wani gajere mai wuya kamar turmi, muka yi ciniki. Ya ce su ba sa aikin yini, kowane ɗauka da ladansa, haka sana'ar take. Na ce na yarda, a raina ina cewa ɗauka nawa za a yi. Na ja masa kunne, “Muddin kun ga Yaƙi a tsaye, ku kwasa ku kai bayan zauren mai gari. Kada ku saurari kowa, ko ni ne, don masu kaya za su yi kururuwa, cikin wasan ne. In ya faɗi, ku tsaya.” Ya ce an gama.

Ranar kasuwa, bayan azahar, fili ya cika ya batse. Ban taɓa ganin taro irin wannan a aikina ba. Mutane a kan katanga, mutane a kan amalanke, masu rumfuna sun bar kaya da Allah. Mai gari ya zauna a kan darduma da dattawansa. Mushe Laminu yana kan kujera ƙarƙashin bash, siririn mutum mai tabarau wanda tun da ya sauko daga mota ban ga haƙorinsa ba. Madam tana gefensa. Alƙalin wasa, wani tsohon ɗan kokowa, ya shigo da usur a wuya. Ga wanda bai san ƙa'ida ba, a kokowa ba sai baya ya taɓa ƙasa ba, gwiwoyi suka sauka an gama.

Mamman ya fito da farar riga, aka yi masa tafi na ladabi. Habu ya fito da baƙin walki da layu, an shafa masa baƙin tukunya a fuska. Na ɗaga murya na ce, “Jama'a, ga Yaƙi nan, mai cinye gari!” Ina jiran a yi masa ature. Ina! Ɗansu ne, a gabansu ya girma. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, “Yaƙi! Yaƙi! Gungume na Allah!” Mata suna guɗa. Na saci kallon Mushe Laminu, na ga ya cire tabarau yana gogewa. Madam ta dube ni, kallon da ya ce mini tasha tana nan inda na san ta.

Na daure na ce bari a fara, yanzu za su gani. Usur ya tashi, aka kama. 'Yan dako suka ɗauki damin farko, na ce, “Wannan gonar da tsoro ya hana a nome ce!” Suka ɗauki buhun wake, na ce, “Wannan kuɗin motar da ya ninka ne, don hanya ta zama ta zagaye!” Komai yana tafiya daidai. Na ɗaga wa Habu hannu, alamar lokaci ya yi. Na ga ya fara sassauta ƙafa, yana gyara wa Mamman wurin kamu, har ya karkata.

Sai ganga ta tashi.

Makaɗin Habu ne, wani tsoho mai ido ɗaya. Babu wanda ya gayyace shi, kasuwa ya zo sayen gishiri. To amma makaɗi ya ga ɗan wasansa a fili, ga ganga a rataye, hannunsa zai zauna lafiya? Ya ratso taro yana kaɗa taken Habu yana kirari, “Gungume sha sara! Ƙasa ba ta san ka ba, kai ma ba ka san ta ba!” Wallahi da idona na ga abin ya shiga jikin Habu. Ƙafar da ta karkata ta koma ta kafe, wuyansa ya kumbura. Ya rungume Mamman ya ɗaga shi sama kamar buhun ƙaiƙayi, ƙafafun Zaman Lafiya suna reto a iska. Sai kuma ya tuna da rantsuwa, ya sauke shi a hankali ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa, har da kakkaɓe masa riga.

Na ruga bakin fili na rufe mikoro da hannu na ce, “Habu, faɗi mana!”

Ya ce, “Mushe, ba ka jin takena? In na faɗi a kan kiɗan nan, na gama kokowa har abada.”

Raina ya ɓaci, na ce, “To kayar da shi mu huta, ko ma mene ne ya faru!”

“Na rantse, Mushe.”

Daga ƙarƙashin hammatarsa wata 'yar murya ta fito, “Mushe Isufu, haƙarƙarina. Ka gaya wa iyalina na yafe musu.”

Gaba kura, baya sayaki. Yaƙi ba zai faɗi ba, ba zai kayar ba, kuma yana tsaye. Na waiwaya, sai na hangi akuya a wuyan ɗan dako tana kuka, ta nufi bayan zaure. Na koma mikoro da gudu na ce, “Wannan akuyar da aka sayar ce don a ciyar da baƙin da aka koro!” Mai akuyar, wata mata da tun ɗazu take kan gaba wajen guɗa, ta tsaya cak da baki buɗe. Ta ce, “Kai! Ai tawa ce! Mushe, ba haka muka yi da kai ba!” Ta juya wajen fili ta ce, “Habu, don Allah faɗi haka nan, ya isa!” Na kusa da ita suka ce ta yi musu shiru, ana ga yaƙi tana ga akuya.

Na ce bari in kashe wutar daga tushe. Na kutsa wajen makaɗi, na zaro jika guda, kuɗin cefanen gidana, na cusa masa a aljihu, na raɗa masa cewa don girman Allah ya yi shiru. Ku gaya mini, tun da aka halicci ganga, an taɓa ba makaɗi kuɗi ya yi shiru? Tsohon nan ya ɗaga takardar sama kowa ya gani, ya ƙara wa ganga wuta, ya juyo da kirarin kaina, “Mushe Isufu na Magariya, mai ba Yaƙi abinci! Ya ce a ƙara, a ƙara!” Taro ya ɗauka, “Mushe! Mushe!” A gaban mai rubuta rapor.

Keken ɗinki ya tafi, tela yana biye yana salati. Na ce, “Wannan ɗinkin sallar da aka fasa ne!” Moto ya tafi, mutum biyu sun ɗaga shi sama don ba a ba su makulli ba, mai shi yana rataye da ƙarfen ɗaure kaya na baya. Na ce, “Wannan ɗan kabu-kabun da ya rasa fasinja ne!” Kwanukan jere suka tafi. Na je wajen shugaban 'yan dako na ce ya tsaya haka, na janye. Ya dube ni da murmushi ya ce, “Ai ka ce ko kai ne kada mu saurara. Mushe, ka iya wasa wallahi.” Ya ce wa yaransa su yi sauri, yau kasuwa ta yi kyau.

Abin da na lura da shi, duk da ina cikin tashin hankali, shi ne yadda taron ya rabu. Duk wanda aka ɗauki kayansa, nan take yake komawa bayan Zaman Lafiya, yana roƙon Habu ya faɗi. Duk wanda ba shi da komai a tarin, yana nan yana tsalle yana kiran Yaƙi. To ba su daɗe suna tsallen ba. Kayan gidan talaka suka kusa ƙarewa, 'yan dako suka duba suka ga Yaƙi yana tsaye, lada kuma a kan ɗauka yake. Suka shiga taro. Tiren mai goro, kwandon mai tumatir, takalman dattawa da aka jera a bakin darduma, duk suka bi hanyar zaure. Wani mai rake yana cikin ihun “Gungume!” ya waiwaya ya ga babu raken. Ihu ya fara canza launi.

Ni kuwa bayani ya ƙare mini, sai abin da ya zo baki. Aka kwashe bencin yara, na ce, “Lakwal ta rufe, babu karatu!” Aka tuge bash, rana ta sauka a kan manyan baƙi, na ce, “Har inuwa yaƙi yana ci!” Sai na ga ƙato biyu sun tsaya a kan Mushe Laminu, ɗaya ya ce cikin ladabi, “Alhaji, a ɗan tashi.” Ya tashi. Kujera ta tafi, takalmansa da ya cire don zafi suka bi ta. Mai duba ayyuka daga Damagaram yana tsaye a rana da safa. Na buɗe baki in ce wani abu, sai na ji mikoro ya mutu a hannuna. Sun ɗauke batir.

A lokacin na sallama. Na fara tunanin wane kawuna ne zai ba ni aron gona.

Abu ɗaya ya rage a inda gidan talaka yake, kaskon Inna Baraka. Wani ɗan dako ya sunkuya ya ɗora shi a ka.

Ban ga tasowarta ba. Na dai ga mutane suna darewa, tsohuwa ta ratsa ta shiga tsakiyar fili, inda mace ba ta takawa. Makaɗi ya gan ta, hannunsa ya tsaya a sama. Da ganga ta yi shiru sai kowa ya yi shiru, har ana jin numfashin Mamman. Ta tsaya gaban Habu, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma babu wanda bai ji ba.

Ta ce, “Habu.”

Ya ce, “Na'am, Inna.”

“Wancan karon da aka kwashe mini kaya, ban ga fuskar kowa ba, ban sami wanda zan tambaya ba. Yau ga ka a gabana. Gaya mini, yaushe za ka gama?”

Habu yaro ne mai tarbiyya. Tsohuwa sa'ar kakarsa tana yi masa magana, zai amsa mata a tsaye yana kallon tsakar kanta? Bai yi tunani ba, jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami. Ya saki Mamman, ya zube gwiwa bibbiyu a gabanta, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ki yi haƙuri, Inna.” Mamman kuwa yatsunsa sun riga sun ƙage a cikin ɗamarar Habu, sai ya bi shi ya kife a bayansa kamar rigar da aka shanya.

Alƙali ya dubi gwiwoyin nan biyu a cikin rairayi. Ya hura usur har sai da jijiyar wuyansa ta fito.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Fili ya fashe. Mai akuya tana rawa, tela ya rungume ni, mai rake yana kuka yana dariya. Samari suka ɗaga Mamman sama suna zagaya fili da shi, shi kuwa yana ɗaga hannu kamar da gaske, yana cewa a bi a hankali da haƙarƙarinsa. Ɗan dakon da ke ɗauke da kasko ya tsaya inda yake ya sauke shi, don Yaƙi ya faɗi, aiki ya ƙare. Makaɗi bai ɓata lokaci ba, ya juya kiɗa, “Gungume na Inna, ba a kai ka ƙasa sai da ladabi!” Da wannan Habu ya tashi da mutuncinsa cikakke, har yau babu wanda ya lissafa masa ita a faɗuwa, in ban da Mamman.

Na lallaɓa wajen Mushe Laminu ina shirin ba da haƙuri. Na tarar da shi zaune a ƙasa kusa da mai gari, tabarau a hannu, yana dariya har hawaye suna zuba, ashe yana da haƙora kamar kowa. Da ya samu numfashi ya ce, “Mushe Isufu, wa ya tsara shigowar tsohuwar nan?”

Madam ta taka mini ƙafa. Na ce, “Mushe, wanda ya tsara ta ya fi ni iya tsari.”

Ya ce, “Na zagaya taron faɗakarwa da yawa, yau ne na fara ganin an kwashe wa mai duba ayyuka takalmi. Tun da aka ce in tashi daga kujerar nan nake addu'ar ƙaton nan ya faɗi. Ku yi mini irin wannan a kowace kasuwa.”

Aka sabunta kontara, ni da Madam muka sha da ƙyar wajen bayyana wa Damagaram kuɗin 'yan dako. Mun sake yin wasan a wasu kasuwanni, da ɗan kokowar da ke faɗuwa a kan lokaci da 'yan dakon da ke jin magana. Ana tafi, ana watsewa. Bai taɓa kama mutane kamar na ranar ba, don babu wanda ya ji tsoron kayansa ba za su dawo ba.

Amma bari in koma yammacin ranar, don ban gama ba. Bayan la'asar muka buɗe bayan zaure, kowa ya zo ya ɗauki nasa, ana ta tsiya ana dariya, ana musayar takalma. Kaskon kuwa na ce babu mai kai shi sai ni. Na ɗauka na sami Inna Baraka a bakin murhunta, ta riga ta hura wuta tana jira, ƙullun yamma yana gefe. Na durƙusa na ajiye, na ce ta yafe mini, na yi mata alkawari ban cika ba. Har lokacin dariyar fili ba ta sake ni ba, ina magana ina ƙunshe ta.

Ta juya kaskon ta duba gindinsa, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ɗora a wuta ta zuba mai. Sannan ta ce, “Babu komai, ɗan nan. Naku yaƙin mai kirki ne, yana mayar da kaya.”

Nan take dariyar ta ɗauke. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan, ni da na yi ta yawo da hotuna ina koya wa mutane tsadar yaƙi, ga wadda ta biya tana soya ƙosai a bakin filin da na kafa rumfa.

Abin da zan bar muku ke nan, ku masu tasowa. Mutanenmu ba kurame ba ne, ba kuma mugaye ba ne. Kowa yana iya yi wa yaƙi guɗa muddin akuyar maƙwabci ce a wuyan ɗan dako, don haka in kuna son a ji ku, ku kawo maganar har ƙofar ɗakin mutum, ku taɓa abin da yake ci da shi. Kuma kada mikoro ya ruɗe ku ku ɗauka kun fi kowa sani a fili. Ni dai tun daga ranar, duk garin da na shiga, kafin a sauke bash daga mota sai na tambayi mai gari ko akwai wanda yaƙi ya koro. In akwai, gidansa nake fara zuwa, in gaishe shi, in zauna in yi shiru.